Wasiƙu Uku a Ƙasan Tulun Shinkafa

Wasiƙar farko ta iso ne ranar da muka dawo daga asibitin birnin Udon. Ina riƙe da hannun Ot ina sauko da shi daga a-kori-kura sai ga mai kawo wasiƙu a kan babur, ya miƙo mini wata farar ambulan mai tambarin gwamnatin ƙasarsu. Ban iya karatun yarensu ba, amma ambulan ɗin gwamnati ko a ina kamarta ɗaya, ba ta zuwa gaisuwa. Awa biyu kafin nan likita ya ja ni gefe ya ce, "Goggo, gigin tsufa ne ya fara kama shi, kuma ba ya komawa baya. Abu ɗaya za ki yi masa, kada a kawo masa abin da zai tayar masa da hankali." To ga tashin hankali a hannuna tun ba mu shiga gida ba. Na soke wasiƙar a haɓar zane. Da ya kwanta na je na cusa ta can ƙasan tulun shinkafa, don nan kaɗai na san hannunsa ba ya kaiwa.

Sunansa Oddvar, amma wa zai karya harshensa a ƙauyenmu? Ot muke ce masa, yara su ce Kaka Ot. Mutumin Norway ne, shekara arba'in ya yi yana gyaran injin jirgin ruwa kafin ya ajiye aiki ya fara karɓar fansho. Ina bazawara ya same ni, ina daka kwaɗon gwanda a tashar mota. Ya ce in sa masa barkono yadda nake sa wa kowa. Na ce da kyau, na zuba masa. Ya ci yana hawaye yana dariya, fuska jajur, washegari kuma ya dawo. Shekara goma sha bakwai ke nan.

An yi mana aure irin namu. An yanka saniya, dattawa suka kewaye mu, kowa ya ɗaura mana farin zare a wuyan hannu yana sa albarka, har hannun Ot ya koma kamar ya karye an naɗe masa. Duk ƙauye ya shaida. Abu ɗaya ba mu yi ba, ba mu je ofishin gunduma mun sa hannu ba, kuma ni na ƙi. Innata kafin ta rasu ta riƙe ni ta ce, "Sangwan, matar Bature ba ta riƙe gona. Ranar da kika sa hannu, ranar gwamnati za ta karɓe gonata." Mutane sun sha gaya mini an daɗe da sauya wannan doka. Na ce su je su gaya wa wadda ba ta da gona. Ni fadamar shinkafar da kakata ta share da hannunta ba zan sa ta a caca saboda takarda ba.

Ot bai taɓa yin faɗa a kan wannan ba. Duk shekara lokacin bikin ruwa na sabuwar shekararmu, in an sabunta mana zaren hannu, sai ya dube ni ya ce, "Sangwan, bana fa?"

In ce, "Kai dai ka cika naci kamar ƙuda. Jira tukuna."

Ya ce, "Ina jira." Shi ke nan sai baɗi.

Wasiƙa ta biyu ta zo farkon damina, ta uku da muka fara girbi. Ta ukun har da jan rubutu a bayanta. Duk na haɗa su da 'yar'uwarsu. Kullum in zan ɗebi shinkafa sai in ji kamar wani abu na kwance a ƙasan tulun yana jira na, har na daina zurma kwano da zurfi. Na lura kuɗin da ke shigowa banki ya ɗan ragu, amma kuɗin ƙasarsu dama hawa yake yana sauka kamar ruwan kogi, sai na ɗora laifin a kan canji na ci gaba da harkata.

Shi kuwa ciwon yana cinsa a hankali. Da safe mutum ne garas, ya sha kofinsa, ya yi wa karnuka faɗa da yarenmu, ya tsokani yayata Lamduan da ke gidan kusa da mu, ya ce daddawar kifinta ta fi ƙarfin injin jirgi. Rana na dagawa sai ya fara nisa. Wajen sha ɗaya yarenmu ya soma zubewa daga bakinsa, bayan cin abincin rana kuwa ya koma teku gaba ɗaya. Sai ya yi ta magana da yarensu, ya riƙa rusuna mini kamar baƙuwa. Sannan ya ɗauki wata ɗabi'a da ta fi komai ɗaga mini hankali. Akwai shuɗiyar akwatin da ya zo da ita, tana kan kabad, ba komai a ciki sai wata ƙatuwar rigar sanyi da bai taɓa sawa a nan ba. Kullum da yamma sai ya sauko da ita, ya ja ta zuwa bakin ƙofa, ya zauna a kai yana duba agogo.

Masu wucewa su ce, "Kaka Ot, jirgin bai zo ba?"

Ya ɗaga musu hannu. Su yi dariya. Ni ban taɓa yi ba.

Saura kwana arba'in da biyar izinin zamansa ya ƙare muka tafi ofishin shige da fice, kamar yadda muka saba duk shekara. Ka'idar a bayyane take, tsohon da ke zaune a ƙasar nan da fansho sai ya nuna kuɗinsa na shigowa daga waje kowane wata, bai gaza baht dubu sittin da biyar na kuɗinmu ba. Na Ot kullum yana haura saba'in, shi ya sa ni zuwan ban ɗauke shi komai ba, har soyayyar ayaba na kai wa yarinyar da ke kan tebur, don ta san mu shekara da shekaru.

Ta ɗora rula a kan takardar banki tana saukowa layi-layi. Ta tsaya. Ta koma sama ta sake saukowa. Sannan ta ajiye ayabar a gefe, ta ce, "Goggo, me ya faru da kuɗin Kaka?"

"Me ya faru kamar yaya?"

"Wata biyar ɗin nan, dubi. Sittin da ɗaya, sittin, sittin da ɗaya. Ba wanda ya kai."

Na ce, "Haba 'yar nan, dubu huɗu ne fa. In ciko ne yanzu in je in kawo."

"Ba a cikawa, Goggo. Watan da ya wuce ya wuce." Ta sassauta murya. "Ko dai a ajiye dubu ɗari takwas a banki da sunansa, amma sai sun kwana wata biyu kafin ranar. Ba ku da wata biyu."

Ko da muna da wata biyun, ina zan samo dubu ɗari takwas in ba gonar na sayar ba? Ot yana gefena yana yi wa hoton da ke bango murmushi.

Ta ce, "Amma tsaya. Mai mata 'yar ƙasa dubu arba'in kawai ake nema a wurinsa. Ku koma kan wannan mana, ai kuɗin ya isa har ya yi saura. Kawo takardar aurenku."

Ta dube ni, ta dubi zaren hannuna, ta dubi nasa. Ta ce, "Goggo, kar ki ce mini zare ne kawai."

Daga nan ban zame ko'ina ba sai gida, na kife tulun shinkafa a tabarma na zaro wasiƙun. Washegari da sassafe na kai su wurin Steinar, wani ɗan ƙasarsu da ke da shagon nama a cikin gari. Ƙato ne mai jan wuya, ya iya yarenmu kamar jakin kasuwa, kuma bai san yadda ake lallashi ba. Ya yage ta farko, ƙwayoyin shinkafa suka zubo masa a kan tebur. Ya bi su da kallo.

"Ajiya kika ba su ko dafawa za ki yi?"

"Karanta mini, ba wasa ya kawo ni ba."

Ya karanta duka ukun yana motsa leɓe, sannan ya cire tabarau. Ya ce gwamnatinsu tana yankar haraji daga fanshon duk wanda ke zaune a waje, kashi goma sha biyar cikin ɗari, tun kafin kuɗin ya baro can. Sai in mutum ya aika musu da shaidar cewa a nan yake zaune kuma a nan yake biyan harajinsa, sannan su ɗaga masa ƙafa. Ashe Ot yana yin wannan da kansa duk shekara, shi kaɗai, ban taɓa sani ba. Ranakun da yake sa farar riga ya ce zai je shan kofi a gari, ashe can yake zuwa. Bana ya manta. Wasiƙar farko tuni ce. Ta biyu gargaɗi. Ta uku kuwa cewa suka yi tun da ba su ji daga gare shi ba, sun fara yanka.

Steinar ya ce, "Da kin kawo mini ta farkon, aikin yini biyu ne. Yini biyu, Sangwan!"

"Likita ya ce kada a tayar masa da hankali."

"Ni likita ya ce kada a tayar wa hankali?"

Garin gyaran gira na tsokane ido, kuma da hannuna. Na ce, "Yanzu in an aika musu za su mayar?"

"Za su mayar, har kwabon ƙarshe. Baɗi. Mutanenmu ba sa cin kuɗin kowa, kuma ba sa sauri don kowa. Kafin nan mijinki yana can."

"Can ina?"

"Gida mana. In izini ya ƙare dole ya fita. Ɗansa ɗaya, kin san ba ya ɗaukar waya. Gidan tsofaffi za su sa shi, ɗaki mai tsabta, taga ɗaya, dusar ƙanƙara a waje. Wani abokinmu ya tafi haka bara. Wata uku ya yi."

"Sai in bi shi."

"A matsayin wa? A takardunsu ba ki nan. In an matsa su ce ke mai yi masa aikin gida ce."

Na so in ɗauki wuƙar da ke kan teburinsa, ba don ya yi ƙarya ba, sai don gaskiya ya faɗa. Shekara goma sha bakwai ina aske masa gemu, na san tarinsa daga tarin kowa, wai mai aikin gida. Na ce, "To zan sa hannun. Gona ta je duk inda za ta."

Ya ce, "Ba inda za ta je. Ba wanda ya taɓa neman gonarki, Sangwan." Wannan ta fi ta farkon zafi.

Sai dai Bature ba ya shiga ofishin gunduma ya yi aure haka kawai. Sai takarda ta zo daga ƙasarsu cewa ba shi da wata mata, a kai ta ofishin jakadancinsu a Bankok, a juya ta zuwa yarenmu, a buga mata hatimi a wata ma'aikatar. Steinar, duk da bakinsa, shi ya yi ta bugun waya yana zagin na'ura. Sau biyu muna zuwa Bankok a bas, Ot yana riƙe da hannuna kamar zan ɓace. Kusan mako biyar abin ya ci. Kowace safiya ina cire takardar kalanda ina jin kamar fatata nake cirewa, kuma a cikin makonnin nan safiyarsa ta ƙara gajarcewa. Wanda ke kaiwa sha ɗaya garas ya koma goma da rabi, wata rana goma.

Saura kwana goma sha biyu takardu suka cika. Na ce gobe-goben nan, kuma mu za mu buɗe ofis. Yaya Lamduan, da za ta yi mana shaida tare da Steinar, ta ce in dakata, ta riga ta je wurin babban malamin haikali da ranar haihuwata da ta Ot.

"Ya duba. Goben tana da kyau, amma sai ƙarfe tara da minti tara. Kafin nan sa'ar rabuwa ce."

"Yaya, kin san yadda yake in rana ta yi."

"Tara da minti tara rana ce? Ke kin jira shekara goma sha bakwai, minti talatin ne zai gagare ki? Aurenki na farko wa ya duba miki sa'a? Ba kowa. Ina mijin yake yanzu?"

Na yi mata tsaki, amma maganar ta shige ni. Ina jin tsoro a lokacin, tsoro irin wanda ko inuwar tsuntsu ta gifta sai ka ce alama ce.

Ranar ya tashi lafiya ƙalau, har ya fi kullum. Na aske shi, na sa masa farar rigar nan tasa. Ya dubi sabon zanena na siliki ya yi fito.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, tsohon banza. Aurenka zan yi."

Ya tsaya da maɓalli a hannu. "A ofis?"

"A ofis."

"Da biro?"

"A'a, da taɓarya."

Ya yi dariya har ya zauna a bakin gado, ya share ido da bayan hannu. A hanya ya yi ta gaya wa duk wanda muka gifta, har mai sayar da man fetur. Ya ce wa Yaya, "Lamduan, ƙanwarki ta gama bincike, ta gano ni mutumin kirki ne."

Mu muka fara isa. Lamba ɗaya aka ba mu. Takwas da rabi da 'yan mintoci magatakardan aure, wani dattijo mai sanƙo da sanyin murya, ya zauna ya kira lamba ɗaya. Ot ya miƙe tsaye yana gyara riga. Yaya ta damƙe mini hannu, farcenta har cikin nama. Steinar ya ce, "Ku tashi mana, me kuke jira?" Na dubi agogon bango, na dubi Ot yana tsaye garas, idonsa tar a kaina. Minti talatin ne kawai. Na ce wa magatakarda mu bai wa na bayanmu wuri, za mu shigo tara da minti tara. Bai yi mamaki ba, ya saba da irinmu, ya gyaɗa kai ya kira lamba biyu.

Lamba biyu ba aure suka zo ba, rabuwa suka zo, don tebur ɗaya ke yin duka. Wasu yara ne, miji da mata, suka zauna suna ja-in-ja a kan wa zai riƙe babur. Tara ta buga suna nan. Tara da minti biyar wani mai kakin ofis ya shigo da sauri ya sunkuya ya yi wa magatakarda raɗa. Ruwa ya ɓalle madatsa a wasu ƙauyuka biyu, shugaban gunduma yana neman manyan ma'aikata duka yanzu-yanzu. Magatakarda ya tattara takardu, ya zo har inda muke ya haɗa hannu ya ba ni haƙuri.

"Goggo, ba zan daɗe ba. Ina dawowa ku ne farko."

Tara da minti tara ta same mu muna kallon kujera ba kowa.

Na tambayi yarinyar tebur na gaba ko wani zai iya. Ta ce in da Bature a ciki, shi kaɗai ke sa hannu. Na ce mu dawo gobe. Ta ce gobe da jibi an tura shi wajen ambaliyar, daga nan kuma Asabar da Lahadi. Muka zauna.

Goma ta yi, Ot yana ba Steinar labarin wani jirgi. Goma da rabi ya ba shi labarin jirgin kuma, daga farko. Sha ɗaya ya tambaye ni ina ne nan. Na gaya masa. Ya ce to. Na yi ta jansa da hira, na tuna masa barkonon tasha, na tuna masa sunayen karnuka, ina yi kamar mai tare ruwa da tafin hannu. Yaya ta sunkuyar da kai tana murza carbinta na katako. Da azahar ta sayo shinkafa da gasasshiyar kaza, ya ci kaɗan. Da na miƙa hannu zan goge masa baki sai ya ɗan ja baya, ya rusuna mini, ya yi godiya da yarensu. Sannan ya fara waige-waige a ƙarƙashin benci, na san akwatin yake nema.

Ɗaya da rabi magatakarda ya dawo, takalmansa duk laka. Ya cika alkawari, mu ya fara kira. Na ja Ot muka zauna. Ya duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ya ce komai ya cika. Ya tambaye ni ko da yardata, na ce e tun bai rufe baki ba. Na sa hannu a wuri uku. Ya juya littafin wajen Ot, ya ɗora biro a kai, ya ce wa Steinar, "Tambaye shi ko ya san wannan matar, kuma ko ya yarda ya aure ta."

Steinar ya faɗa masa da yarensu, a hankali. Ot ya juyo ya dube ni. Kallo ne mai ladabi, irin wanda ake yi wa matar da ta ba ka wuri a bas. Ya dubi littafin. Sannan ya sa yatsa ɗaya ya ture biron, ya girgiza kai, ya yi magana mai ɗan tsawo, a natse, yana shafa zaren hannunsa.

Steinar ya kawar da kai. Wuyansa ya ƙara ja. Na ga yana so ya yi mana ƙarya, amma biron yana can inda aka ture shi, kuma magatakarda yana da ido.

Na ce, "Me ya ce?"

"Bari mu fita waje tukuna."

"Steinar, me ya ce?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ya ce a ba ki haƙuri, da gani ke mutuniyar kirki ce. Amma ba zai sa hannu ba, don akwai wadda ya yi wa alkawari. Sunanta Sangwan. Ta ce masa ya jira, kuma yana jira."

Yaya ta saki wani irin kuka, ta toshe baki da gyale. Ni ban yi kuka ba. Na kama hannunsa na ɗora zarena a kan nasa, na ce, "Ot, ni ce. Dube ni da kyau, tsohon banza, ni ce." Ya zare hannunsa a hankali don kada in ji kunya.

Magatakarda ya rufe littafin, ya daɗe hannunsa na kai. Ya ce, "Goggo, da ban gani ba da wani abu ne. Yanzu na gani. Ba zan iya rubuta shi ba sai likita ya ba da takarda cewa hankalinsa ya isa ya ɗaura aure."

Likitan da zai bayar shi ne wanda ya ja ni gefe. Na je masa da yammar nan, na durƙusa masa a gaban mutane, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai innata. Ya ɗaga ni. Ya ce abin da ya rubuta a fayil wata tara da suka wuce yana nan, kuma ba zai iya rubuta kishiyarsa ba.

Washegari Ot ya riga ni tashi. Na same shi a ƙarƙashin gidanmu mai dogayen ƙafafun katako da kofinsa, karnuka a ƙafarsa, garas kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Ya ga zanen silikin a rataye, ya ce, "Wannan fa? Biki aka yi ba a gayyace ni ba?"

Na ce, "Wani ɗan taro ne, bai yi armashi ba."

Ya kurɓi kofi yana kallon gona. An girbe ta tas, sai karmami da shanun maƙwabta. Can ya ce, "Sangwan, na san lokacin tambaya bai yi ba, amma kwanan nan ina jin kaina wani iri. Ki bari mu je ofishin nan mu sa hannu, tun ina iya riƙe biro."

Na ce, "To."

Ya ajiye kofin. "To kika ce?"

"To na ce. Ko ka kurmance ne?"

Murna ta hana shi zama. Ya leƙa ta kan shinge yana ƙwala wa Yaya kira, wai ta fito ta ji abin da bai taɓa ji ba. Na bar shi a nan na hau sama. Saura kwana goma izininsa ya ƙare. Na sauko da shuɗiyar akwatin, na fito da rigar sanyin, tana warin ajiya, asu ya ɗan taɓa wuyanta. Na kai ta bayan gida inda ba zai gani ba, na shanya ta a rana, na koma neman allura.